Rabin Sirinji

Shekararsa hamsin da biyu, furfura ta ci rabin gemunsa, yana da asibitin dabbobi nasa na kansa da ma'aikata uku, amma har yau a gidansu Auta ake ce masa. A waje ne yake Likita. Da zarar ya tako ƙofar gidan wansa ya koma Auta, in kuma wan nasa na cikin nishaɗi sai ya ƙara masa da “likitan karnuka”.

Wan nan nasa bakanike ne, kowa Yaya yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Shi ya riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu, da hannayen nan masu baƙin mai ya kai shi makaranta har ya gama. Mutum ne mai baki, ba ya barin kowa ya sha ruwa da tsokana. Amma ko mota na kan jak, in aka kira salla zai ajiye sifana ya goge hannu, mai motar in yana sauri ya tura abarsa gaba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wata babbar mota ta ja da baya a garejin ta taka karen gadi. Bayansa ya karye, yana ta wani irin kuka da ya hana kowa aiki. Yaya ya kira Auta, ya zo da jakarsa, ya duba, ya girgiza kai. Yaya da kansa ya durƙusa ya dafe kan karen da buhu, Auta ya ja allura ya yi masa. Nan da nan kukan ya ɗauke, rai ya fita. Yaya ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, “Shi ke nan? Kai, Auta, hannunka da sanyi! Ranar da injina ya buga kai zan kira, kada ka ce mini ba ka nan.”

Aka yi dariya, maganar kuwa ta zauna a gidan. Wani ya yi atishawa sau biyu, sai a ce a kira Auta. Shi ma yana dariyar, don me zai yi? Bai taɓa gaya wa kowa cewa abin na sosa masa rai ba.

To, sai ga ranar ta zo. Ciwon daji ne, kafin a gano shi ya riga ya shiga ƙashi. Bayan wata huɗu ana zirga-zirga, likitocin suka ce abin da ya rage shi ne a rage masa zafi, gara ya koma gida cikin iyalinsa. Wata ma'aikaciyar jinya mai zagaya gidajen irin waɗannan majinyata, wadda kowa ke ce wa Sista, ta ba su babbar kwalbar mofin na sha, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, da sirinji marasa allura don awo, da takarda mai gida-gida da za a riƙa sa alama. Mil biyar duk bayan awa huɗu. Ta ce kwalbar ta sati biyu ce, in ta kusa ƙarewa su kira ta.

Matar Yaya, wadda Auta ke kira Anti, ko kallon kwalbar ba ta yi ba ta miƙa masa.

“Kai ne likita,” ta ce. “Ni lambobin nan rikita ni suke.”

Ranar farko ya auna biyar cif, kamar yadda aka rubuta. Yaya ya sha na safe, ya sha na hantsi, bayan azahar sai barci ya kwashe shi. Ba barcin wasa ba. Baki buɗe, hannu a sake, numfashi sai ya fita ya daɗe bai dawo ba. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya. Anti ta taɓa kafaɗarsa, shiru. Ta girgiza shi, ya ɗan yi gurnani ya ci gaba. Ta juyo ta ce, “Me aka ba shi?”

Duk ɗakin aka waiwayo aka kalli Auta. Wata gwaggonsu da ke zaune a bakin ƙofa ta gyara mayafi ta ce, “Auta, ka dai tuna wannan mutum ne.”

Da wasa ta faɗa, irin wasan gidan. Sai dai ba wanda ya yi dariya. Auta ya ji wani gumi ya keto masa tun daga ƙeya. Ya dubi hannunsa, ya ga har yanzu sirinjin na riƙe a ciki, babban yatsa a kan matsewa, daidai yadda yake riƙe shi a wurin aiki. Ya yi sauri ya cusa shi a aljihu.

Yaya ya farka da yamma garau, har ya nemi shayi. Amma maganar gwaggo ta riga ta shige Auta. Washegari da safe, a kicin, ya jera sirinji shida a kan faranti kamar yadda suka tsara, don Anti ta riƙa bayarwa in ya tafi aiki. Ya ja na farko, da ya kai biyu da rabi sai hannunsa ya tsaya. Maganin ba shi da kala, kamar ruwa yake. Ga kofin ruwa a gefe. Ya tsoma bakin sirinjin ya cike shi zuwa layin biyar, ya yi wa sauran biyar ɗin haka, ya rufe su da tsabtataccen ƙyalle.

Ya gaya wa kansa hattara ce. Yaya ya rame, maganin yana rage numfashi, shi ya san wannan fiye da kowa a gidan. Ya ce rai na Allah ne, ba zai zama sanadin gaggauta ajalin ɗan'uwansa ba. Duk wannan ya faɗa wa kansa, da kalmomi masu kyau. Amma gaskiyar maganar, tsoron baki yake. Ya hango ranar zaman makoki, mata biyu sun haɗa kai suna raɗa cewa ai shi yake auna maganin, kuma kin san aikinsa. Wannan hoton ne ya tsayar masa da hannu a biyu da rabi, ba wani abu ba.

Ciwon bai ɓata lokaci ba. Cikin kwana uku Yaya ya daina tsokana. Cikin mako guda ya daina magana sai dole. Ɗakin nasa ƙarami ne, gado ɗaya, kujerar roba biyu, fanka mai ƙara, da kalandar wani kamfanin man juye a bango, an manna takardar awon a ƙasanta. Tagar na kallon titi, inda mai faci ke buga ƙarfe tun safe. A da Yaya kan leƙa ya yi masa ihu cewa ba haka ake cire taya ba. Yanzu nishinsa ne ke fita ta tagar, har mai facin ya ja kayansa zuwa can gaba ba tare da an ce masa komai ba.

Ya koma cizon tawul. Carbinsa ya tsinke a hannunsa saboda damƙa, Anti ta bi ƙarƙashin gado tana tsintar 'ya'yan. Salla ta gagare shi a zaune, ya koma yi a kwance, daga baya ko dutsen taimama aka miƙo masa sai ya kau da kai, don ɗaga hannun ma azaba ne.

“Auta, anya maganin nan na aiki?” Anti ta tambaye shi wata safiya, idanunta sun faɗa.

“Ciwon ne ya yi ƙarfi, Anti. Sai haƙuri.”

Ya faɗa ko ido bai ƙifta ba. Ya ɗauki biro ya duba takardar, duk gidajen jiya Anti ta sa musu alama, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Baiwar Allah, har agogon waya take saitawa. Shi kuwa kullum sai ya ce gobe zai mayar da shi biyar, goben ta zo ya tuna idanun mutanen ɗakin nan, ya jawo kofin ruwa. Mutumin da ya taɓa wanke ma'aikacinsa tas a gaban jama'a don ya manta bai ba wani kare maganin zafi ba bayan tiyata!

Rana ta goma sha tara, bayan la'asar, ya biyo daga aiki. Yaya ya aiki Anti ta ɗora ruwan zafi. Da ta fita ya cire tawul ɗin daga baki.

“Rufe ƙofa.”

Auta ya rufe, ya jawo kujera.

“Injin ya buga,” Yaya ya ce.

Auta ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Haba Yaya, har yanzu ba ka bar wannan wasan ba?”

“Kalle ni. Na yi kama da mai wasa?”

Bai yi ba. Fuskar ta zama ƙashi da ido, leɓe duk ya tsage, gumi ya jiƙa matashin.

“Abin nan da ka yi wa karen nan,” Yaya ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi don ya ja numfashi. “Yana nan a kabad ɗinka. Ka kawo gobe. Ba wanda zai sani, kowa jiran abin yake. Na gaji, Auta. Wallahi na gaji. Ji nake kamar ana hura mini wutar walda a cikin ƙashi.”

Nan fa Auta ya gyara zama, ya buɗe baki, wa'azi ya zubo. Ya ce Yaya ya ji tsoron Allah. Ya ce rai ba na Yaya ba ne, ba nasa ba ne, amana ce, Mai ita ne kaɗai zai karɓa ranar da ya so. Ya ce ciwo kankarar zunubi ne, ko ƙaya ce ta soki mumini yana da lada. Ya ce wanda ya gaggauta wa kansa ya san makomarsa. Duk gaskiya ne abin da ya faɗa, ba ƙarya ko ɗaya. Har muryarsa ta sauya ta koma irin ta masu huɗuba.

Yaya ya bar shi ya gama.

“Na san duk wannan,” ya ce. “Ni na kai ka makarantar da ka koyo shi. Tambayarka nake, ka tausaya wa kare, ni ba za ka tausaya mini ba?”

“Kare ba shi da hisabi, Yaya.”

Yaya ya so ya juya wa bango, jikin ya ƙi. Sai ya juya kai kawai.

“Tafi,” ya ce.

Abin haushin shi ne, kunya ba ta zo wa Auta a ranar ba. Ya shiga mota yana jin kansa wani mutum da aka jarraba ya ci. Har hawaye ya share a kan hanya, na tausayin kansa, yana cewa Allah ne shaida an roƙe shi ya ƙi.

Washegari a wurin aiki wata tsohuwar malamar makaranta ta kawo kyanwarta a cikin kwali. Ƙoda ta tashi aiki, kwana huɗu ba ci ba sha. Ya yi mata bayani, ta amince tana kuka. Ya buɗe kabad mai kwaɗo, ya ɗora kyanwar a sikeli, ya yi lissafi. Kuma kafin ya ankara, kansa ya wuce ya yi wani lissafin da ba a sa shi ba, na nauyin Yaya yadda ya koma yanzu. Amsar ta fito masa tsaf. Ya yi a'uziyya da ƙarfi har malamar ta ɗago.

Da aka gama ta shafa kan kyanwar ta ce, “Allah ya saka maka, Likita. Ba ka bar ta ta wahala ba.”

Ya wanke hannu sau uku. Da gari ya sake wayewa kuma ya tsaya a kicin ɗin Anti ya jawo kofin ruwa, kamar kullum.

A ranar ce Sista ta zo, wajen ƙarfe goma, ba tare da an kira ta ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, da jaka a rataye da takalmin da ya sha tafiya. Auta bai riga ya fita ba. Tun daga tsakar gida ta ji nishin, ta ƙara sauri. Ta tsaya a kan Yaya, ta riƙe wuyan hannunsa, ta yi masa tambayoyi biyu uku, fuskarta ta haɗe.

“Na ji shiru ba ku kira ni ba,” ta ce wa Anti. “A ina kuka samo wani maganin?”

“Wani kuma? Ai na nan bai ƙare ba.”

“A kawo mini kwalbar.”

Ta ɗaga ta a hasken taga. Ta juya ga takardar bango, ta bi gidajen da yatsa, rana ashirin da ɗaya, ba giɓi. Ta sake kallon kwalbar da ya kamata a ce ta ƙare tun mako guda da ya wuce.

“Wa yake aunawa?”

“Ƙanensa,” Anti ta ce, har da ɗan alfahari. “Likita ne.”

Sista ta ɗauki farantin sirinjin ta ce, “Likita, zo ka nuna mini inda zan wanke hannu.”

A kicin ta tura ƙofa. Ta ɗauki sirinji ɗaya, ta ɗiga a bayan hannunta, ta taɓa da harshe. Kofin ruwan na nan a inda ya bar shi. Ta kalli kofin, ta kalle shi. Auta ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige.

“Likitan me?” ta ce.

“Na dabbobi.”

“To dabbar ma haka kake mata?”

Da ƙyar ya haɗa magana, ya ce ranar farko Yaya ya yi wani barci mai ban tsoro, numfashinsa ya ragu, shi kuma ya san abin da irin maganin nan ke yi.

“Mutumin da ya yi sati biyu bai runtsa ba, aka cire masa zafi, me kake so ya yi? Rawa? Barci ka gani, bawan Allah, ba mutuwa ba. Wannan awon ba ya kashe kowa, don shi aka auna shi. Kuma da ka ji tsoro, lambata na jikin kwalbar. Me ya hana ka kira?”

“Na ji tsoron kada ajalinsa ya zo ta hannuna.”

“Ajalinsa ka ji wa tsoro, ko sunanka?”

Ba ta jira amsa ba. Ta matse sirinji shidan nan ɗaya bayan ɗaya a cikin wurin wanke-wanke, yana tsaye yana kallo.

“Shekara ashirin ina wannan aiki,” ta ce. “Na ga masu satar maganin su sayar, na ga masu mantuwa. Mai ilimi ya tsaya kullum da safe ya zuba ruwa da hannunsa, yau na fara gani. Ba ni zan gaya musu ba, gidan nan yana da abin da ya ishe shi. Amma kwalba ta bar hannunka.”

Ta koma ɗaki ta ciro sabuwar kwalba daga jaka, ta ba Yaya biyar da kanta. Ta zaunar da Anti ta koya mata ja har sau huɗu, ta ce don a rage wa Likita aiki ne. Anti ta yi ta godiya.

Yaya ya yi barci ranar, ya yi washegari. Auta bai je aiki ba, bai kuma iya shiga ɗakin ba. Ya zauna a kan benci a tsakar gida yana jin shirun. Shirun nan ya fi nishin dukansa, don kowane minti nasa yana nuna masa abin da ya hana mutumin kwana ashirin.

Rana ta uku da hantsi Anti ta fito fuskarta a sake. Ta ce Yaya ya sha shayi rabin kofi, ya sa an jingina shi da matasai, ya yi taimama, tun ɗazu yake rama salloli. Har ya tambayi inda mai faci ya koma. Ta ce yana kiransa.

Ya same shi a jingine, carbin da Anti ta sake shiryawa a hannunsa. Idanunsa sun dawo nasa. Auta ya rufe ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya zauna a bakin kujera.

“Wannan sabon maganin da Sista ta kawo,” Yaya ya ce, “Allah ya yi mata albarka. Ciwon na nan, amma ya koma gefe ya zauna.”

Auta ya sunkuyar da kai.

Sai ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba. Ya ɗago ya ga Yaya na kuka. Ko ranar da suka binne mahaifinsu mutumin nan bai zubar da hawaye a gabansa ba.

“Na ji kunya, Auta. Shekara sittin da huɗu ina cewa na yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Ni ne mai zuwa dubiya ina ce wa mutane su yi haƙuri. Ashe duk a baki ne. Da aka ɗan matsa ni, sai na ce a kashe ni. Da wace fuska zan tsaya gaban Ubangijina? Tun jiya nake istigfari, amma da na rufe ido sai in ji muryata tana cewa ka kawo gobe.”

“Yaya…”

“Bari in gama. Ban tsaya a kaina ba, na so in ja ka mu faɗa tare. Yaron da na raina! Da ka biye mini fa? Ka fi ni, Auta. Ni na girme ka, amma ka fi ni imani. Ka cece ni. Ka yafe mini abin da na ɗora maka.”

Ya miƙo hannu, busasshe, har yanzu da sauran baƙin mai a gefen farce wanda ba sabulun da ya taɓa fitarwa. Ya kama hannun Auta ya riƙe.

Auta ya ga hanya a buɗe. Sista ta ce ba za ta faɗa ba, Anti ba ta sani ba. In ya ce ba komai Yaya, Allah ya yafe mana, shi ke nan, ya zama mutumin kirkin gidan har abada. Sai dai Yaya zai tafi kabari yana ganin kansa munafuki, yana ɗauke da kayan da ba shi kaɗai ya ɗaura ba. Auta ya zamo daga kujerar ya durƙusa a kan siminti.

“Ba sabon magani ba ne, Yaya.”

“Me?”

“Shi ne dai na da. Ni ne nake raba shi biyu, ina cikewa da ruwa. Tun rana ta biyu.”

Fankar na ta ƙararta. Yaya bai saki hannun ba, amma riƙon ya mutu.

“Shi ya sa wannan ya fi ɗaci,” ya ce a hankali, kamar da kansa yake. Sannan ya ce, “Don me?”

Auta ya so ya ce hattara, ya so ya ce numfashi. Kalmomin suka ƙi fitowa a gaban idanun nan.

“Don kada a ce ni na kashe ka.”

“Kwana nawa?”

“Ashirin.”

“Ranar da kake mini wa'azi, da safen ranar ma ka zuba?”

“Na zuba.”

“Washegari fa, bayan ka ji abin da na roƙe ka?”

Auta ya gyaɗa kai. Hawaye na ɗiga daga gemunsa a kan simintin.

Yaya ya zare hannunsa.

“Karen nan,” ya ce. “Daga isowarka zuwa lokacin da ya huta, minti nawa?”

“Yaya, don Allah.”

“Tambayarka nake.”

“Ba a yi biyar ba.”

“Ba a yi biyar ba,” Yaya ya maimaita. Ya ja dogon numfashi. “Ni dai bakina ne ya faɗi maganar nan, ba zan ce ba ni ba ne. Tsakanina da Allah ne, kuma Ya ga abin da ke cikin ƙashina a lokacin. Amma istigfarin nan da nake ta fama da shi ni kaɗai tun jiya, ka ɗauki rabi. Ai ka iya raba abu biyu.”

“Ka yafe mini, Yaya.”

“Ka bari in huta tukuna. Kwana ashirin ban huta ba.”

Agogon wayar Anti ya kaɗa a tsakar gida. Ta ƙwanƙwasa ta shigo da faranti, kwalba da sirinji a kai. Ta ga Auta a ƙasa, fuska jiƙe, ta ɗauka kukan tausayi ne, ta ce, “Allah sarki, Auta, tashi mana, ai jiki ya yi sauƙi.”

Ta fara kiciniyar buɗe kwalbar. Yaya ya ce, “Ba shi.”

“Ai Sista ta ce ni zan riƙa…”

“Ba shi, na ce. Ya ja a nan, ina kallo.”

Auta ya karɓa. Ya tsoma bakin sirinjin a cikin kwalbar. Ya ja. Ya wuce biyu da rabi, ya kai biyar, ya tsaya.

“Kawo in gani.”

Yaya ya ɗaga sirinjin a hasken taga ya ƙanƙance ido, yadda yake duba fulogi a gareji. Ya mayar masa, ya buɗe baki. Auta ya matsa masa a hankali ta gefen kunci har ya ƙare, ya goge masa leɓe da tawul.

Anti na tsaye da farantin a ƙirji tana kallonsu.

“Ni dai ban san yadda za mu yi ba da ba ka nan,” ta ce. “Kullum da sassafe kana kicin, ko rana ɗaya ba ka fasa ba. Yadda ka kula da ɗan'uwanka, Allah ya ba ka mai kula da kai haka.”

Auta ya ƙura wa sirinjin ido.

“Auta,” Yaya ya ce, idonsa a kansa. “Ana yi maka addu'a. Ka ce amin mana.”

Ya buɗe baki, leɓensa ya motsa, amma ko Anti da ke tsaye a gefensa ba ta ji abin da ya ce ba.